Jinya da Sunan Aro

Sai an kira sunan sau biyu kafin Baba ya motsa. Muna zaune a kujerun ɗakin jira na asibiti, Sista za ta leƙo da fayil a hannu ta kira, shi kuwa yana can yana kallon tafin hannunsa, sai na zungure shi da gwiwar hannu. Wata goma muna wannan zuwa, duk bayan mako biyu, ban tuna ranar da ya amsa a kiran farko ba. Kunnensa lafiya lau. Sunan ne ba nasa ba.

Sunan Baffa ne, abokinsa tun na ƙuruciya. Gari ɗaya suka fito, wanzami ɗaya ya yi musu zane a kumatu, har tsayinsu ya zo ɗaya. Baffa yana da iƙama, takardar izinin zama a Saudiyya, mu ba mu da ita. Umara ta kawo mu ina da shekara bakwai, muka shige unguwar Karantina a Jidda muka yi zamanmu. A can mahaifiyata ta rasu, a can na girma, har Larabcina na lungu ya fi Hausata kaifi. Baba gyaran keken ɗinki yake yi. Duk telan da ke tsakanin Karantina da Sa'alaba ya san shi, da jakarsa ta leda mai cike da sukudireba da gwangwanin mai.

Da farko nama ne ya daina wuce masa, sai burodi, sai shinkafa. Ya sha tazargade, ya sha rubutu, ya sha duk abin da maƙwabta suka jiƙa. Wani likita a ƙaramin asibitin unguwa ya duba shi ya ce mu nemi babban asibiti da gaggawa, ya kuma san sarai abin da yake faɗa wa mutanen da ba su da takarda. Baffa ne ya zo da kansa bayan kwana biyu, ya zaro iƙamarsa daga aljihun gaba ya ajiye a kan tabarma. A takarda shi direban gida ne, kuma direban gida ana karɓarsa a asibitin. Kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takardar, wani tsoho ne da ba ya ganinsa sai shekara ta zagayo. Hoton ya koɗe, zanen fuskar ne kawai ke fitowa sosai. Mai rajista ya dubi hoton, ya dubi Baba, ya buga hatimi.

Ciwon daji ne, a daidai inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi. Suka ce za su yanke ƙarshen hanyar da kusan duk tumbin, su ja abin da ya rage su ɗinke. Babu wanda ya faɗi abin da kowa ya sani, sai Baba, da safen da za a shiga da shi. Ya ce da Baffa, "Ka san in ban tashi ba, kai ne ka mutu." Haka abin yake. Takardar mutuwa da sunan da ke fayil ake rubuta ta. Za a soke iƙamar, a sanar da kafili, Baffa ya wayi gari yana yawo a Jidda alhali an rubuta an binne shi, ga mata da 'ya'ya biyar a unguwar Bani Malik suna cin abinci a inuwar wannan 'yar takarda. Baffa ya ce, "Ka shiga, Malam. Allah na nan." Awa bakwai aka yi ana aikin. Baffa yana cikin motarsa a bayan katangar asibitin, bai ko sauka ya sha ruwa ba.

Baba ya tashi. Da aka sallame mu likitan ya ce shi ya gama nasa, daga yanzu Sista ce za ta riƙa ganinmu, in ta ga abin da bai yi mata ba ita za ta kira shi. Raina ya ɓaci. Na ɗauka don mu baƙaƙe ne aka tura mu wurin nas, har na faɗa wa Baba haka a mota. Ban san ita ce kaɗai a duk ginin nan za ta san yawan cokalin da mahaifina ya ci jiya ba.

'Yar ƙaramar mace ce, Ba'indiya, ta manyanta, da tabarau mai igiya a wuya. Larabcinta a karye, na Baba ma a karye, amma kowa da inda nasa ya karye, don haka ni ce a tsakiya. Ɗakinta ba shi da komai sai gado, sikeli, da tebur. Ta zana mana tumbi a bayan wata takarda, ta shafe shi da biro ta bar ɗan guntu kamar kofin shayi. Ta ce wannan ne cikinsa yanzu. Zai ci sau bakwai ko takwas a rana, kaɗan-kaɗan. Ba ruwa tare da abinci, sai an jima. Ba sukari. Ba kwanciya bayan ci, kuma ko barci a jingine zai riƙa yi har ƙarshen rayuwarsa. Akwai allura duk wata uku. Ta koya min wanke bakin robar da suka bari a gefen cikinsa, wadda nake ɗura masa madarar gwangwani ta ciki kafin bakinsa ya iya ɗaukar nauyinsa. Sau uku ta sa na maimaita a gabanta, tana buge min hannu in na taɓa inda bai kamata ba.

Dokokin Sista ba su san Karantina ba. Mutum ya dawo daga aiki irin wannan, dole a zo dubiya, kuma babu mai zuwa hannu rabbana. Kwanuka suka cika ɗakin: farfesun kai, waina, dambu, fura da ta sha sukari. Kowace tsohuwa sai ta zauna ta ga ya ci. Baba kuwa mutum ne da ba ya iya cewa a'a ga wanda ya tako dominsa. Wata rana na fita shanya, na dawo na tarar ya shanye kofin kunun gyaɗa mai zaƙi don kada ran wata maƙwabciya ya ɓaci. Ba a yi rabin awa ba gumi ya karyo masa, hannunsa na rawa, zuciyarsa na bugawa har ana gani ta riga. Matar ta fara salati tana cewa iska ne. Na ce mata ba iska ba ne, kununta ne, ta ɗauki kwanonta. Har na bar Jidda ba ta sake amsa gaisuwata da sakin fuska ba, kuma ban damu ba.

Da na ba Sista labari sai ta yi dariya, ta ce a garinsu ma haka 'yan dubiya suke. Ta rubuta min takarda da manyan baƙaƙen Larabci cewa an hana ba shi komai sai da izinin asibiti, ta buga hatimi, na manna a ƙofa. Yawancin masu zuwa ba sa karatu, amma hatimi suna jin tsoronsa.

Wata huɗu na farko sun yi kyau. Aka cire robar. Ya hau sikeli yana kilo hamsin da ɗaya, ya kai hamsin da huɗu, Sista ta tafa masa kamar yaro ya ci jarrabawa. Har ya fara karɓar keke ɗaya-ɗaya a gida, yana zaune a jingine yana kwance shi. Baffa ne ke kai mu asibiti kullum. Zai sauke mu nesa da ƙofa, ya miƙa wa Baba iƙamar, ya koma ya lafe a mota, don duk lokacin da muke ciki shi ne marar takarda. In mun fito tambayarsa ɗaya ce, "Nawa yau?" Sai Baba ya faɗa masa kilon, su yi ta murna kamar kiwo suke yi tare.

Akwai ranar da Sista ta dubi fayil, ta dubi Baba, ta ce da ni, "Takarda ta ce shekararsa hamsin da biyu. Jikinsa ya ce ya wuce sittin." Na ce mata wahala ce. Ta kalle ni ta saman tabarau na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba da rubutu.

A wata na biyar abinci ya fara tsaya masa kuma. Ni ke wanke kwanon da yake tofawa, na sani. Tambayoyin Sista kullum iri ɗaya ne: burodi yana wucewa, shinkafa fa, ruwa fa, akwai amai, akwai ciwon baya. Kowacce ta jefo, Baba zai ce, "Ce mata da sauƙi." Mu haka muka tashi, ko mutum yana kan gargara aka tambaye shi jiki da sauƙi zai ce, wanda ya faɗi gaskiya shi ne marar tawakkali. Sai dai na Baba ya wuce al'ada. Ya lissafa abinsa: in ta gane yana komawa baya za ta kira likita, likita zai ba shi gado, shi kuma ya rantse ba zai sake kwana a gadon nan da sunan Baffa ba. Ya fara sa riga biyu da falmaran a zafin Jidda ranar awo. Zuwa biyu na fassara mata da sauƙin nan yadda ya faɗa, kalma da kalma. Wata guda ke nan muka yi asara ta bakina, kuma har yau ina lissafa shi.

A zuwa na uku ta sa ya tuɓe falmaran. Sikeli ya nuna arba'in da tara. Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko guntun burodi ta miƙa masa, ta ce ya ci tana gani. Baba ya ce min, "Ce mata azumi nake." A nan na gaji. Na juya na faɗa mata komai da Larabci, da sauri, don kada ya kama: amai, yawun da yake tarawa, shayin da shi ma sai ya yi ta kai-kawo kafin ya wuce. Amma shekara ashirin a kasuwannin Jidda ba wasa ba ce, ya ji. Kwana uku yana karɓar magani daga hannuna ba ya duban fuskata.

Wannan karon abin ya zo da sauƙi na gaske. Wurin ɗinkin ne ya tsuke, suka zura wani abu suka buɗa shi da safe, da la'asar muna gida. Ya ci tuwo mai laushi cokali shida, na shiga banɗaki na yi kuka. Ya kira ni da sunan da yake kirana in yana cikin jin daɗi, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Uwata, ashe kin fi ni hankali." Na ce masa ai an daɗe da sanin wannan, shi ne bai samu labari ba.

Mako shida muka samu. Daga nan ciwon baya ya zo, irin wanda ba ya barin mutum ya zauna ko ya jingina. Idonsa ya fara yin ruwan ɗorawa. Wannan karon ban jira ranar awo ba, na buga wa Sista a lambar da ta rubuta a bayan katinmu, ta ce mu zo gobe. Aka yi hoto. Likita ya shigo ɗakinta ya yi magana minti biyar ya fita, ya bar ta da mu. Ciwon ya dawo, ya shiga hanta, ya kama bayan ciki. Babu sauran aiki. Ita ta zauna ta faɗa min a hankali, tana riƙe da hannun Baba, ni kuma na juya shi zuwa Hausa. Ban taɓa jin nauyin harshena kamar ranar ba.

Ta ce ba za su iya warkar da shi ba, amma akwai abin da za su iya. Su ba shi gado, su sa masa ƙarin ruwa, su mayar da robar ciki, su riƙa ba shi maganin ciwo ta jijiya. Ta ce nan gaba kaɗan ko ruwa ba zai wuce ba, kuma ƙishirwa da ciwon da ke zuwa ba abin da za a so wa mutum ba ne a gida.

"Ce mata na gode," in ji Baba. "Gida zan koma."

"Baba, ka ji abin da ta ce kuwa?"

"Na ji. Kwana nawa ne mutum yake yi a gadon in ya hau?"

Ban fassara wannan ba. Shi ma ba amsa yake nema ba. Wanda ya hau gadon nan a halin da yake ciki ba da ƙafarsa zai sauko ba, mu ukun mun sani. Sista ta yi ta lallashi, tana cewa, "Lesh, Baba? Lesh?" wato don me. Na ce mata yana son ya kasance cikin mutanensa. Ta kawo takardar da mai ƙin kwanciya ke sa wa hannu, Baba ya karɓi biro ya zana sunan abokinsa a hankali, yadda ya koya.

Washegari da hantsi na hau mota ni kaɗai na tafi Bani Malik. Ban taɓa zuwa gidan Baffa ba tare da an aike ni ba. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da aka ce, duk da na san Baba ya riga ya faɗa masa a mota da nasa kalmomin. So nake ya ce abin da ya ce da safen aiki. Da ya faɗa, da na koma na tasa Baba a gaba da maganar. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu, ƙaramar 'yarsu na riƙe da zaninta. Baffa ya daɗe yana murza hularsa. Sannan ya ce, "'Yata, duk abin da Malam ya ce, shi za a yi."

Na san ba shi da laifi. Mutumin nan ya taɓa ajiye rayuwarsa da ta 'ya'yansa a kan tabarmarmu ba tare da an roƙe shi ba, wanda ko ɗan'uwa na jini ba kowa zai yi ba. Na san wannan a ranar, na san shi yau. Amma na tashi ban yi masa sallama ba, kuma shekarun nan duka ban iya tuna fuskarsa ba tare da na ji haushinsa ba. Ina jin kunyar hakan, kunyar kuma ba ta rage komai ba.

Sista ta yi abin da za ta iya daga nesa. Ta samo mana maganin ciwo na ruwa, ta nuna min yadda zan ɗiga masa a gefen kunci. Da ya kasa hawa mota ta yarda in riƙa zuwa ni kaɗai da katin. Tana bugo waya duk bayan kwana biyu, da rana, lokacin hutunta. Fitsari nawa ya yi, wane launi, ya yi magana yau. Ta ce in riƙa juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, in jiƙa auduga in goga masa a leɓe, in fasa ƙanƙara ƙanana in sa masa a harshe. Kowace waya da abu ɗaya take ƙarewa: gadon yana nan, in kawo shi ko yanzu, za ta tsaya a ƙofa ta karɓe mu. Ni kuma in ce mata to.

Kwana goma sha ɗaya na ƙarshe ba na son rubuta su. Ruwa ya daina wucewa kamar yadda ta faɗa. Maganin ya daina isarsa. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya riƙa nishi har maƙwabta suna jiyowa ta bango. Sau biyu na ɗauki mayafi na ce zan tare mota in kai shi, ko me zai faru ya faru. Na farko ya riƙe min bakin zani. Na biyu ba shi da ƙarfin riƙewa, idonsa kawai ya bi ni har ƙofa, na tsaya a nan da takalmi ƙafa ɗaya, na dawo na zauna. Da zan iya cewa biyayya ce da na ji sanyi. Tsoro ne, na jawazat masu kama marasa takarda, na abin da zai sami Baffa, na abin da unguwa za ta ce da ni.

Ya cika ranar wata Lahadi da hantsi, ina goga masa audugar. Manyan unguwa suka ɗauki tsohon fasfonsa da ya mutu tun ina yarinya, suka yi ta zirga-zirga kwana biyu har aka samu takardar binnewa. Da sunansa na gaskiya aka binne shi. Baffa ne ya shiga ramin ya karɓe shi.

Wayar Sista ta ci gaba da shigowa, ina kallo har ta katse. Dattawan suka ce dole a rufe maganar asibiti, kada su gaji da kira su nemi kafili. Suka kuma ja min kunne a kan abin da ba zan faɗa ba, kamar ban sani ba. Bayan addu'ar bakwai na saka abaya na tafi, ranar da katin ya ce mu zo.

Tana ganina ni kaɗai ta tashi tsaye. Matar nan ta san nauyin mahaifina fiye da yadda na sani, ta san abin da yake iya haɗiya da wanda ba ya iyawa, ta taɓa goge masa baki da hannunta. Babu wanda ya cancanci in faɗa wa kamar ita, kuma babu wanda nake son in faɗa wa kamar ita. Amma fayil ɗin yana buɗe a gabanta, biro yana hannunta, duk abin da na furta a nan zai shiga.

Na ce mata 'yan'uwa sun zo sun tafi da shi Madina, a can zai ci gaba da ganin likita.

Ta tambaye ni ko ya jure tafiyar, na ce ya jure. Ta tambayi maganin, na ce da saura. Ta zauna ta rubuta takarda mai tsawo zuwa ga duk nas ɗin da za ta karɓe shi a can: aikin da aka yi masa, abin da yake sha, ranar da allurarsa ta gaba za ta cika. Ta ƙara da hannunta a ƙasa cewa mutum ne mai ɓoye ciwo, kada a yarda da shi in ya ce da sauƙi, a tambayi 'yarsa. Ta karanta min wannan layin tana murmushi, ta ninke takardar ta sa a ambulan ta ba ni. Ta rufe fayil ɗin.

Na kai ƙofa ta kira ni. Ta ce in na je in gaishe mata da Baba, in ce masa tana fushi da ya tafi bai yi mata sallama ba.

Na ce mata zai ji.